Shirye-shiryen zaɓi a sakandare: me ke sa ɗalibi ya shiga, me ke sa ya ƙi?

A shekarar 2019 Faransa ta sauya fasalin manyan azuzuwan sakandarenta. Aka rushe tsohon tsarin raba ɗalibai zuwa ɓangaren kimiyya, na adabi da na tattalin arziki, aka bar kowa ya zaɓi fannoni uku da zai zurfafa a kansu. Lissafi ya koma cikin abubuwan da ake zaɓa. Ba a daɗe ba malaman lissafi da ƙungiyoyin masana kimiyya suka fara kuka, domin masu ɗaukar darasin sun ragu, kuma raguwar ta fi tsanani a tsakanin 'yan mata. Gwamnati ta ja da baya. A 2022 ta dawo da lissafi na awa ɗaya da rabi a mako ga mai so, a 2023 kuma ta wajabta shi a ajin kusa da na ƙarshe a kan duk wanda bai ɗauki lissafi a matsayin fanni ba.

A wannan shekara ta 2023, jihar Texas a Amurka ta bi wata hanyar. Ta yi doka cewa duk yaron da sakamakonsa na lissafi a aji biyar ya kai shi cikin kashi 40 na sama, a sa shi kai tsaye a ajin lissafi mai zurfi da zarar ya shiga aji shida, sai fa in iyayensa sun ce a cire shi.

Matsala ɗaya ce ta haifi matakan biyu. Idan aka ce wa ɗalibai ga abu mai amfani, mai so ya zo, waɗanda ke zuwa ba su cika zama waɗanda abin zai fi amfana ba. Bayanin da aka fi saurin kawowa shi ne lalaci ko rashin sha'awa, amma binciken shekaru sittin da suka wuce yana nuna cewa sha'awa ɗaya ce kawai cikin abubuwan da ke yanke hukuncin, kuma sau da yawa ba ita ce babba ba.

## Mene ne shirin zaɓi?

Shirin zaɓi shi ne duk abin da makaranta ta tanada amma ba ta ɗora wa kowa ba. Akwai darussan zaɓi da ke cikin jadawali kuma ake jarrabawa a kansu, kamar harshen waje, zane, kiɗa ko ilimin kwamfuta. Akwai azuzuwa masu zurfi, irin tsarin AP da hukumar College Board ke gudanarwa a Amurka tun 1955, ko difilomar IB da aka kafa ƙungiyarta a Geneva a 1968. Sai kuma ayyukan bayan tashi: wasanni, ƙungiyar muhawara, kulob ɗin kimiyya, darasin ƙari, da shirye-shirye irin lambar yabo ta Duke na Edinburgh, wadda ake ba matasa kan ayyukan sa-kai da na motsa jiki, da aka fara a Birtaniya a 1956.

Ita ma shigar matakai gare ta. Sai makarantar tana da shirin, sai ɗalibin ya ji labarinsa, sai an yarda ya cancanta, sai ya rubuta sunansa, sannan sai ya ɗore. A kowane mataki wasu na zubewa, kuma dalilin zubewar ya bambanta. Makarantar da ta ƙirga sunayen da ke kan takardar rajista a makon farko kawai, ba ta san komai ba game da waɗanda suka daina zuwa a wata na biyu, balle waɗanda ba su taɓa jin labarin ba.

## Lissafin da ɗalibi ke yi a ransa

A 1983 masaniyar halayyar ɗan Adam Jacquelynne Eccles da abokan aikinta suka fitar da wani bayani da har yau ake aiki da shi. Asalin tambayarsu ita ce me ya sa 'yan mata masu ƙoƙari a lissafi ke barinsa da zarar an ba su zaɓi. Amsarsu ita ce ɗalibi yana auna abu biyu kafin ya shiga: ko zai iya, da kuma ko abin ya kai a wahala dominsa. Na biyun ya ƙunshi daɗin abin, amfaninsa nan gaba, yadda ya dace da irin mutumin da yaron ke ganin shi ne, da abin da zai rasa in ya shiga.

Abin lura a nan shi ne ɗalibi ba ya auna iyawarsa da makinsa kaɗai. Yana auna ta da na kusa da shi. Herbert Marsh ya nuna tun shekarun 1980 cewa yara biyu masu ƙoƙari ɗaya, wanda ke cikin aji mai cike da haziƙai ya fi raina kansa a kan wanda ke aji matsakaici. Haka nan yaro yana gwada darasi da darasi: mai maki 70 a lissafi da 85 a adabi kan ce shi ba ɗan lissafi ba ne, alhali 70 ɗin nan ya fi na yawancin ajin. Saboda haka ake samun ɗalibai da suka cancanci aji mai zurfi suna cire kansu tun kafin wani ya cire su.

Abin da ɗalibi zai rasa ma ba ƙarami ba ne. A 2004 Ingila ta daina wajabta harshen waje ga ɗaliban da suka haura shekara 14. A farkon shekarun 2000 kusan kashi uku cikin huɗu na ɗalibai ne ke zana jarrabawar harshe a ƙarshen matakin, amma zuwa 2011 sun koma kimanin kashi 40 cikin 100. Ɗaya daga cikin dalilan da malamai suka daɗe suna faɗa shi ne samun babban sakamako a harshe ya fi wuya a kan sauran darussa, don haka ɗalibi mai neman gurbi a gaba, da makarantar da ake auna ta da sakamako, duk suna da dalilin kauce masa. A 2019 hukumar da ke sa ido kan jarrabawa a Ingila ta amince a sassauta ma'aunin makin Faransanci da Jamusanci. Yaron da ya guji darasin ba lallai ne ya ƙi harshen ba. Ya yi lissafin da tsarin jarrabawar ya koya masa.

## Idon abokan aji

Babu gwajin da ya fito da tasirin abokai fili kamar wanda Leonardo Bursztyn da Robert Jensen suka wallafa a 2015. Sun shiga wasu makarantun gwamnati a Los Angeles, suka yi wa 'yan aji 11 tayin darasin share fagen jarrabawar shiga jami'a ta intanet, kyauta. Fom ɗin iri biyu ne, an raba shi ba tare da zaɓe ba. Ɗaya ya ce za a ɓoye wa kowa shawarar da ɗalibi ya yanke, har da 'yan ajinsu. Ɗayan ya nuna cewa 'yan ajin za su iya sani. Bambancin ke nan, kalmomi kaɗan a kan takarda.

A azuzuwan gama-gari, cikin kowane ɗalibi 100 an samu ragin kimanin 11 a masu rajista idan suka san abokai za su ji. A azuzuwan haziƙai ba a ga wani ragi ba. Sai masu binciken suka duba ɗaliban da ke halartar azuzuwan iri biyu, wato wani darasin a ajin haziƙai, wani a na gama-gari. Irin waɗannan yara, in tayin ya same su a ajin gama-gari, bayyanawar tana hana su rajista, in kuma ya same su a ajin haziƙai, bayyanawar tana ƙara musu ƙaimi. Yaro ɗaya ne, darasi ɗaya ne, kyauta ne duka, abin da ya sauya kawai shi ne waɗanda ke zaune a gefensa. Zama da maɗaukin kanwa, in ji masu magana, shi ke kawo farin kai.

Wannan yana taimakawa wajen fahimtar batun jinsi. Wani rahoto na cibiyar masana fiziks ta Birtaniya a 2012 ya gano cewa kusan rabin makarantun gwamnati na maza da mata a Ingila ba su tura ko yarinya ɗaya ta ci gaba da fiziks a babban mataki ba a 2011, yayin da 'yan matan makarantun mata zalla suka fi ɗaukar darasin nesa ba kusa ba. Ba za a ce bambancin duk daga idon abokai yake ba, tunda iyayen da ke kai 'ya'yansu makarantun mata zalla su ma dabam ne. Amma zama ke kaɗai mace a aji, ko kai kaɗai namiji a ƙungiyar waƙa, nauyi ne da ɗan shekara 15 ke ji sosai, ko da babba ya ga ba wani abu ba ne.

## Gida: kuɗi, lokaci da sanin hanya

Shiri na iya zama kyauta a takarda amma yana cin kuɗi. Akwai kayan wasa, kayan kiɗa, kuɗin jarrabawa, tafiye-tafiyen gasa, da kuɗin motar komawa gida bayan motar makaranta ta tafi. Akwai kuma lokacin kansa. Ɗalibin da ke aiki bayan tashi, ko yake kula da ƙannensa, ko yake jinyar wani a gida, awa biyun yamma ba nasa ba ne da zai bayar. A gidaje da yawa wannan nauyi ya fi sauka a kan 'yan mata, haka ma fargabar iyaye game da dawowa bayan duhu.

Wanda ya fi wuyar gani shi ne sanin hanya. Masaniyar zamantakewa Annette Lareau, a binciken da ta wallafa a 2003 bayan ta zauna da iyalai a Amurka tana kallon rayuwarsu ta yau da gobe, ta bayyana salon tarbiyya biyu. Iyaye masu ilimi da hali suna cika wa yaro mako da ayyukan da aka tsara, suna koya masa yi wa malami tambaya da neman abin da yake so. Iyaye masu ƙaramin ƙarfi suna ba da kulawa da tsaro, su bar yaro ya yi wasansa, su kuma bar harkar makaranta ga malamai saboda girmamawa. Ba ta ce ɗaya ya fi ɗaya ƙauna ba, har ma ta nuna yadda yaran rukunin farko ke gajiya. Abin da ta nuna shi ne makaranta tana saka wa salon farko. Uwar da ta san cewa darasin da aka zaɓa a shekara 14 shi ke buɗe karatun injiniya a shekara 18 za ta je ofishin shugaban makaranta in an bar ɗanta a baya. Wadda ba ta sani ba za ta sa hannu a fom ɗin da aka kawo mata, tana kyautata zaton an zaɓa masa abin da ya dace.

Wasu hukumomi sun gwada cire shingen kuɗi kai tsaye. Birnin Reykjavik na Iceland ya fara ba kowane yaro daga shekara 6 zuwa 18 katin tallafi a 2007, wanda ake biyan kuɗin wasanni ko kiɗa ko wani aikin da aka tsara da shi. Irin wannan yana rage nauyin aljihu, sai dai ba ya samar da mota, ba ya kuma samar da wanda zai riƙe ƙanne.

## Yadda makaranta ta tsara abin

Roger Barker da Paul Gump sun kwatanta manya da ƙananan sakandare a jihar Kansas, suka wallafa sakamakon a 1964. Manyan makarantu sun fi yawan ƙungiyoyi, amma ɗaliban ƙananan makarantu sun fi shiga ayyuka iri-iri, sun kuma fi riƙe muƙamai a cikinsu. Dalilin mai sauƙi ne. Ƙungiyar ƙwallo 'yan wasa 11 take buƙata a fili ko makarantar na da ɗalibai 100 ko 2,000. A ƙaramar makaranta ana bin yaro ana roƙonsa ya zo don a cika, a babba kuwa ana tace shi a ƙofa. Wanda bai ƙware ba, ko mai kunya, a babbar makaranta ɗan kallo yake zama.

Sai kuma hanyar shiga. Inda ake jiran malami ya ba da sunan wanda ya cancanta, ana dogaro da idon mutum ɗaya, kuma ido ya fi ganin mai ɗaga hannu da mai kama da waɗanda suka yi nasara a baya. Inda aka ɗora sharaɗin maki, ana rufe wa wanda ya fi buƙata. Texas ta yi dokar hana wanda ya faɗi darasi shiga wasanni da sauran ayyuka na tsawon mako shida a 1984, ta rage zuwa mako uku a 1995. Masu goyon baya sun ce tana sa 'yan wasa su riƙe karatu. Masu suka sun ce tana yanke igiya ɗaya tilo da ke riƙe wasu yara a makaranta. Kowane ɓangare yana da yaran da zai nuna.

Jadawali ma yana yanke hukunci ba tare da an lura ba. Idan aka sa kiɗa da fiziks a awa ɗaya, an riga an raba ɗalibai. Samuwar gurbin kanta tana haifar da buƙata. Kafin dokar hana nuna bambancin jinsi a makarantun Amurka ta 1972, 'yan matan da ke wasannin sakandare ba su kai 300,000 ba. Yau sun haura miliyan 3. Da an tambayi hukumomin wancan lokacin, da yawa za su ce 'yan mata ba su da sha'awa.

Bayan duk wannan akwai malamin da zai tsaya. Japan ta shahara da kulob ɗin makaranta inda yawancin ɗalibai ke ciki, amma a kan wuyan malamai aka gina shi, har da ranakun hutu. A 2018 hukumar wasanni ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar hutun kwana biyu a mako, da atisayen kimanin awa biyu a ranar makaranta da awa uku a ranar hutu. Shirin da ya dogara da sadaukarwar malami ɗaya yakan mutu ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

## A bari, a tilasta, ko a sa suna kai tsaye?

Masu kare zaɓi suna da hujja mai ƙarfi. Binciken Edward Deci da Richard Ryan ya daɗe yana nuna cewa mutum ya fi ɗorewa a kan abin da ya ji shi ya zaɓa. Ajin da kowa ya zo da son ransa ya fi tafiya, kuma matashi yana buƙatar wurin da zai koyi yanke shawara. Masu son wajabtawa suna amsawa da cewa ɗan shekara 14 bai san abin da yake rufe wa kansa ba, kuma duk abin da aka bar wa zaɓi, gidan da ya fi sani shi ke kwashe shi. Matsalarsu ita ce jadawali ba ya miƙewa: duk abin da aka wajabta, wani abu aka ture, kuma dole a nemo malaman da za su koyar da kowa.

Hanya ta uku ita ce wadda Texas ta bi, bayan jihar North Carolina a 2018 da Washington a 2019. Zaɓin yana nan, an dai juya shi: maimakon mai so ya nema, wanda ba ya so ne zai ce a cire shi. Wannan yana kawar da shingen rashin sani, da jiran malami, da kunyar rubuta suna a gaban abokai. Amma yana da iyaka. Ya dogara da jarrabawa ɗaya, wadda ita ma tana ɗauke da bambancin gida. Yaron da aka sa a aji mai zurfi ba tare da tallafi ba zai iya faɗuwa ya fito da raunin zuciya fiye da yadda ya shiga. Kuma ba ya aiki ga ƙungiyar muhawara ko wasan kwaikwayo, inda babu makin da za a auna.

Ƙarƙashin wannan muhawara akwai tsohuwar tambaya: shin shigar ma tana da amfani? James Coleman, a 1961, ya ga ɗaliban sakandare maza a jihar Illinois ta Amurka sun fi burin zama gwarzon wasa a kan zama haziƙi, ya yi fargabar ayyukan gefe suna cinye ƙarfin karatu. Binciken baya ya fi karkata ga akasin haka. Joseph Mahoney da Robert Cairns sun bi ɗalibai kusan 400 na tsawon shekaru, suka ruwaito a 1997 cewa a cikin yaran da ake fargabar za su bar makaranta, waɗanda ke cikin wani aiki sun fi tsayawa. Marsh da Sabina Kleitman a 2002 sun ga amfanin ya fi fitowa ga 'ya'yan marasa ƙarfi, sun kuma ga yana raguwa idan ayyukan suka yi yawa. Dole dai a yi taka-tsantsan da irin waɗannan alƙaluma, domin yaran da ke shiga tun asali sun bambanta da waɗanda ba sa shiga, kuma raba tasirin shirin da tasirin gidan da yaron ya fito abu ne mai wuya.

## Abin da zai shafi iyaye, ɗalibai da malamai

Ga iyaye, wurin da ya fi haɗari shi ne fom ɗin zaɓen darussa, fiye da kulob. Kulob ana iya shiga baɗi. Darasin da aka bari a tsakiyar sakandare yakan zama sharaɗin wani na gaba, shi kuma sharaɗin wani kwas a jami'a ko kwalejin sana'a. Tambayar da ta dace a yi wa makaranta kafin sa hannu ita ce waɗanne karatu ne za su rufe in aka bar wannan darasi, kuma ko akwai hanyar dawowa.

Ga ɗalibin da ke jin bai isa ba, yana da kyau ya nemi ganin makinsa kusa da sharaɗin shiga, domin abin da yake ji da abin da takarda ta nuna sukan saɓa.

Ga makarantu, yawancin abubuwan da binciken ya nuna ba sa cin kuɗi sosai: rajistar da ba a yi a bainar aji, gayyatar ɗalibi da sunansa maimakon manna sanarwa a allo, barin abokai biyu ko uku su shiga tare, matsar da wasu ayyuka zuwa lokacin hutun rana don waɗanda ba sa iya tsayawa da yamma. Masu cin kuɗin su ne motar yamma, alawus ɗin malami da darasin tallafi ga sababbin shiga aji mai zurfi. Inda aka yi dokar sa suna kai tsaye ba tare da an tanadi waɗannan ba, malamin lissafi ne zai tarar da aji ya cika da yara masu mataki daban-daban, kuma adadin waɗanda suka nemi a cire su kafin ƙarshen zangon farko shi zai nuna ko dokar ta yi aiki.